Sabon Injin Esfireso na Gida: Abin da Kallon Farko Ba Ya Nuna wa Mazaunin Abuja

A shekarar 2025 wani kamfani na birnin San Faransisko mai suna Fellow, wanda da butar dafa ruwa da injin niƙa aka san shi, ya sanar da cewa zai fito da injinsa na farko na haɗa esfireso a gida. Ya raɗa masa suna Espresso Series 1, ya yanka masa farashin kusan dala 1,500. Tun kafin injin ya shiga kicin ɗin kowa, bidiyoyi suka cika YouTube da Instagram: ga mai sharhi yana shafa jikinsa, yana murɗa maɓalli, yana nuna allon da ke gabansa, sannan ya ɗaga ɗan finjali ya kurɓa ya lumshe ido. Haka aka yi wa Linea Micra na kamfanin La Marzocco a 2022, haka aka yi wa Ninja Luxe Café a 2024, kuma haka za a yi wa wanda zai biyo baya. Ranar da bidiyon ya isa wayar mutumin Landan, ranar yake isa wayar mutumin Gwarimpa ko Wuse II. Cikin masu kallon nan na Abuja kuwa akwai masu halin saye: ma'aikatan ofisoshin jakadanci da na ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, waɗanda suka yi karatu a waje suka dawo da ɗabi'ar, da 'yan kasuwar da suka saba da ita a filayen jirgi.

Amarya ko ta buzuzu ce ana ɗokinta, kuma abin da ake kira kallon farko a makon ɗoki ake yin sa. Ba ƙarya masu sharhin ke yi ba. Amma sau da yawa kamfanin ne ya aiko musu da injin, suka gwada shi na 'yan kwanaki a ɗakin da wuta ba ta ƙiftawa, da ruwan da aka tace aka daidaita, da 'ya'yan gahawar da aka soya makon jiya, da injin niƙa wanda shi kaɗai kuɗinsa ya kai na injin da ake yabo. Waɗannan abubuwa ba a nuna su a bidiyo saboda a can ba abin magana ba ne. A Abuja su ne maganar.

Sai mu fara da aikin da injin yake yi, domin da yawa suna saye ba su san me suka saya ba. In ka tsaya kusa da mai haɗawa, za ka ga ya auna 'ya'yan gahawa giram 18 a kan ɗan sikeli, ya niƙa su suka yi laushi amma ba su kai garin fulawa ba. Ya zuba garin a wani ludayin ƙarfe mai mariƙi, wanda gindinsa rariya ce mai ɗaruruwan ƙananan huji, ya baje shi, ya danne da madanni har samansa ya yi sumul. Ya murɗa ludayin a bakin injin ya danna maɓalli. Sakan biyar ko bakwai ba abin da ake ji sai gurnanin famfo. Daga nan baƙin ɗigo mai kauri ya fara zuba, ya haɗe ya zama zare guda, launinsa na sauyawa daga baƙi zuwa ruwan ƙasa, in ya fara fari-fari sai a tsayar. Cikin sakan 25 zuwa 30 an tara kimanin giram 36 a finjali, da kumfa ja-ja a samansa. Zafin ruwan tsakanin digiri 90 da 96 yake, matsinsa kuma bar 9. Tayar ƙaramar mota bar biyu da ɗan wani abu take ɗauka, don a gane irin ƙarfin da ake nufi. In ruwan ya zubo cikin sakan 12, abin zai yi tsami ya yi salam. In ya ja har sakan 50, ɗaci ne zai ƙwace harshe. Kuma a duk biyun ba a taɓa injin esfireson don gyara; injin niƙa ake komawa a ƙara ko a rage laushin gari.

Wannan lissafi ya girmi duk masu sharhin. Angelo Moriondo ya yi rajistar injin tururi a Turin a 1884, Luigi Bezzera ya gyara shi a Milan a 1901, amma matsin tururi kaɗan ne, kuma gahawar kan fito da ƙauri. Achille Gaggia ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo injin da ake ja da hannu, wani ƙarfe mai naɗi ya tura ruwa da ƙarfi, aka fara ganin kumfar nan. A 1961 kamfanin Faema ya fito da E61 mai famfon lantarki da ke riƙe matsi a wajen bar 9, kuma har yau ana ƙera injina masu tsada da irin bakin wancan injin. Shekara sittin da ɗoriya ke nan ba a sauya asalin girkin ba.

Saboda haka in ka ga kwali a kanti ko a shagunan intanet an rubuta masa bar 15 ko bar 20 da manyan baƙaƙe, kada lambar ta ruɗe ka. Iyakar abin da famfon zai iya kai wa ke nan in an toshe masa hanya, kuma injin kirki yana da bawul da ke sauke shi zuwa 9. Yawancin masu arhar nan ma wata dabara ake yi musu: rariyar tasu bene biyu ce, ta ƙasan huji ɗaya tal gare ta, ruwa ya fita ta nan da ƙarfi ya tayar da kumfa ko da garin ya shekara a gwangwani. Mai gida ya ga kumfa ya yi murna. Ba laifi ba ne, ana sha, amma ba abin da aka nuna a bidiyo ba ne.

To me sababbin injinan suka ƙara? Suna yin zafi da wuri, wasu cikin sakanni, wasu cikin minti biyu. Suna riƙe zafin ruwa daidai ba hawa ba sauka. Irin su na Fellow suna ba mutum damar tsara matsin, a fara a hankali a jiƙa gari, a hau, sannan a sauko, kuma allon yana yi wa sabon shiga jagora. Irin su Ninja kuma sun haɗa injin niƙa da sikeli a jiki ɗaya, suna gaya maka ka ƙara laushi ko ka rage. Duk ci gaba ne na gaske. Sai dai tsara matsi amfaninsa na wanda harshensa ya riga ya goge ne, mai sayen gahawar Habasha da aka yi wa suya sama-sama yana neman ɗanɗanon 'ya'yan itace a ciki. Wanda zai tuttula madara da sukari cokali uku ba zai taɓa jin bambancin ba. A cikin jerin, saurin zafi ne kaɗai nake ganin kamar don mu aka yi shi, kuma shi ma da ƙura a bayansa.

Maganar kuɗi gajera ce. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024. A kan wannan canji, injin dala 1,500 ya tashi naira miliyan biyu da dubu 250, kafin kuɗin jirgi, kafin kwastan, kafin injin niƙa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato albashin wata 32 ke nan. Linea Micra da ya fito a kan dala 3,900 ba a ma kawo shi cikin lissafi. Duk wanda ya je kasuwar canji ta Zone 4 ya canza kuɗi don wannan ya san abin da yake yi, kuma aljihunsa ne. Abin da ya dame ni shi ne ko kuɗin zai biya masa buƙata.

Wuta ce tambaya ta farko, kuma kashi uku ce. Kashin farko nau'inta. Wutar Najeriya bolt 230 ce mai zagaye 50 a sakan, ta Amurka da Kanada 120 ce mai zagaye 60. Kamfanonin Amurka kan fara da kasuwar gida, samfurin Turai ya biyo bayan watanni, saboda haka wanda ɗoki ya kwashe shi ya ce wa ɗan'uwa ya taho masa da shi a akwati, kusan kullum ɗan Amurka za a kawo masa. In aka yi rashin sa'a wani a gidan ya samo adafta ya soka a bango, ƙara ɗaya za a ji sai warin ƙuna. Masu gyara sun saba da labarin. Yana juya injin ya duba takardar gindinsa zai ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan ɗan 110 ne, wa ya sa shi a wutarmu?" Akwai taransifomar da ke sauke wuta, amma injin da ke jan wat 1,500 ba irin ƙaramar ta cajin na'ura yake so ba, sai babba mai nauyin da za ta ci rabin teburin kicin. Kuma ita ƙarfin wuta kawai take saukewa, ba ta mayar da zagaye 50 ya zama 60, alhali famfon da ke cikin yawancin injinan gida da bugun zagayen wutar yake tafiya. Mafita mai sauƙi ita ce a sayi samfurin Ingila: wutarsu irin tamu ce, filoginsu mai ƙafa uku shi ne namu. Kamfanin Breville na Ostireliya, alal misali, da sunan Sage yake sayar da injinansa a can.

Kashi na biyu nauyin da yake ɗora wa layi. Mutane kan ɗauka kuɗin wuta ne matsalar, musamman tun ranar 3 ga Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga farashin 'yan Band A, wato masu samun wuta awa ashirin a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, kafin a ɗan sassauta zuwa sama da 200 kaɗan. Amma a yi lissafi: injin wat 1,500 da ya yi aikin minti biyar kashi ɗaya cikin takwas na yunit ya ci, abin da bai kai naira 30 ba. Matsalar ita ce a cikin mintunan nan yana fizgar wutar gaba ɗaya lokaci guda. Ƙaramin janaretan nan da bai kai wat 1,000 ba ba zai ko tayar da shi ba. Inbata mai matsakaicin ƙarfi da ke ɗauke da firij da fankoki za ta yi kuka ta kashe kanta. Wanda ke unguwar da kamfanin rarraba wuta na AEDC ke ba awa ashirin a rana ba ruwansa da wannan. Wanda ke Lugbe ko Kubwa ko bayan Karu a layin da ba na Band A ba, kuma ya saba shan gahawarsa bayan sallar asuba, sai ya tambayi kansa ko a wannan lokacin da wuta, in kuma babu, ko zai tayar da babban janareta a kan farashin man yanzu don giram 36 na abin sha.

Kashi na uku shi ne mai kisa: yadda wutar ke hawa da sauka, da yadda take dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke. A nan ne ƙullin yake. Injinan da ke yin zafi cikin sakanni, waɗanda suka fi dacewa da wutar da ba ta da tabbas, su ne cike da allunan lantarki da na'urorin jin zafi da manhaja, kuma su ne wutar banza ta fi saurin lalatawa. Manyan injinan tagulla masu bakin E61 kuwa, masu jure wahala, suna son minti 20 zuwa 30 kafin ƙarfen ya ɗau zafi, in aka ɗauke wuta a minti na 15 an koma farko. A tsakani akwai tsofaffin hannu irin Gaggia Classic da ya fito a 1991 da Rancilio Silvia na 1997. Tukunyarsu ƙarama ce, ba su daɗewa sosai kafin su yi zafi, kuma in ka kwance murfin abin da ke ciki kaɗan ne: tukunya, famfo, ma'aunin zafi, 'yan maɓallai da wayoyi. Ba mai yi musu bidiyon kallon farko, don sun wuce shekara 25 a kasuwa. Duk wanda aka zaɓa dai, sitabilaiza mai ɗaukar nauyinsa da abin kare dawowar wuta suna cikin kuɗin injin, ba ƙari ba ne.

Sai ruwa. Esfireso kusan duk ruwa ne, kuma ruwa ne ke kashe yawancin injina a duniya. Ruwan famfon Abuja daga madatsar Lower Usuma da ke wajen Ushafa yake zuwa, ana ƙara mata daga madatsar Gurara ta jihar Kaduna, kuma ruwan sama ne da ya taru, ba mai yawan ma'adini ba. Amma bututun bai kai ko'ina ba. Tsofaffin unguwanni irin Maitama, Asokoro, Garki da Wuse suna samu, yawancin sababbin rukunonin gidaje kuwa da rijiyar burtsatse suke rayuwa, wasu da 'yan ga-ruwa, kuma kowace rijiya da halinta. Gwajin ba ya buƙatar ɗakin bincike: a leƙa gindin butar lantarkin gidan. In akwai farin ɓawo da ya kama ƙarfen, wannan ɓawon zai kama cikin injin, kuma hanyoyin ruwan injinan zamani masu saurin zafi ƙanana ne ƙwarai, ba su da wuyar toshewa. In ja-ja ne, ƙarfe ne a ruwan, zai kuma fito a ɗanɗano. Wani sai ya ce to a yi da ruwan da aka tace tas babu komai a cikinsa. Shi ma ba daidai ba ne: gahawar kan fito lami, ruwan kan ci ƙarfe a hankali, wasu injinan ma ba sa gane akwai ruwa a tukunya in babu ɗan ma'adini a ciki. Ruwan gora mai sauƙin ma'adini, iri ɗaya kullum, ya fi kwanciyar hankali, tare da wanke cikin injin da maganin narkar da ɓawo lokaci-lokaci.

In ya lalace fa? Mai waya yana da masu gyara a Banex, mai mota yana da su a Apo. Mai injin esfireso sai ya yi cigiya, domin 'yan ƙalilan da suka iya aikin manyan otal da shagunan gahawa suke bi. Garantin da ke cikin kwalin kuwa yawanci a ƙasar da aka sayi kaya yake aiki, ba ya tsallaka teku. A nan ne tsufan samfuri ke zama alheri. Robar bakin injin tana bushewa ta fara yoyo bayan shekara ɗaya ko biyu, dole a sauya. Famfon Ulka na Italiya da ke cikin injina barkatai ana samun sa da sauƙi. Ludayi mai faɗin milimita 58 shi ne na shaguna a ko'ina, rariyarsa da madanninsa ba su da wuyar samu, kuma a nan na yaba wa Fellow da ya bi wannan awo, ba kamar milimita 54 na ƙananan Breville ko 51 na De'Longhi Dedica ba. Amma allon lantarkin sabon samfuri kamfaninsa kaɗai ke da shi. Ga kuma abin da duk masu harkar na'ura suka sani: waɗanda suka sayi rukunin farko su ne 'yan gwaji, a hannunsu ake gano inda ke yoyo da inda manhaja ke rikicewa. Ba'amurke ya mayar a ba shi wani cikin mako guda. Na Abuja sai ya jira mai tafiya. Sharhin da ya kamace mu ba na makon farko ba ne, na bayan shekara ne, wanda mai shi ya gaji da ɗoki ya fara lissafa abin da ya karye.

Ko da wuta da ruwa da mai gyara sun samu, saura abin da za a zuba a ciki, kuma a ganina nan ya kamata rabin kuɗin ya tafi. Injin niƙa mai haƙoran ƙarfe da ke iya matsawa kaɗan-kaɗan ya fi injin esfireson kansa tasiri a finjali. Bilendar kicin ko ɗan injin nan mai wuƙa ba za su yi ba, don suna fitar da gari wani tsaki wani ƙura, ruwa ya bi ta inda ya fi sauƙi ya bar sauran. Yanayin garin nan ma yana sa baki. Da hunturu, lokacin da mutum ke taɓa ƙofar mota ta ɗan fizge shi, garin gahawa kan manne a jikin injin niƙa ya watsu a tebur. Ɗigon ruwa ɗaya a kan 'ya'yan kafin a niƙa yana maganin wannan. Da damina kuma laima ce, gari ya dunƙule, awon da ya yi daidai a Janairu ya ƙi a Agusta.

'Ya'yan kansu suna da kwana. Kumfar nan iskar da suya ta bari a cikin ƙwaya ce, tana fita kullum, ƙamshin yana bin ta. Makonni kaɗan bayan suya ne ganiyarsu. Fakitin da ke kan kanta a manyan shagunan Abuja, wanda aka soya a Turai aka yi watanni ana jigilarsa, ranar lalacewa aka rubuta masa, ba ranar suya ba, kuma tsakaninsu kan kai shekara biyu. Ga tsada, domin a Fabrairun 2025 farashin gahawar arabika a kasuwar New York ya haura dala 4 kowace laba, abin da ba a taɓa gani ba, bayan fari ya taɓa gonakin Brazil da Vietnam. Abin takaicin shi ne muna da tamu. A tsaunin Mambila na jihar Taraba, wajen Gembu, inda tsayin ƙasa ya kai mita 1,500 zuwa sama, ana noman arabika tun da daɗewa, kusa da gonakin shayin Kakara. Akwai ta a tsaunin Jos, akwai robusta a Kogi da jihohin kudu, kuma cibiyar binciken koko ta Ibadan, CRIN, gahawa na cikin amfanin gonar da aka ɗora mata. Noman ya ja baya ƙwarai, bishiyoyi sun tsufa, kuma inda aka fi yin asara shi ne wajen tsinka da shanya: a haɗa nunanne da ɗanye, a baza a ƙasa, ƙamshin ya tafi tun kafin ya hau mota ya gangaro ta Serti da Bali. Duk da haka an samu ƙananan masu suya a Jos da Legas da Abuja da ke sayen ta gida suna rubuta ranar suya a jikin leda. Matsakaiciyar gahawar Mambila da aka soya kwana goma da suka wuce za ta ba wa shahararriyar Italiya mai wata takwas kunya a cikin injin, kuma da naira ake biya.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba don kunya: shin mutum yana son esfireson ma? Harshenmu a kan shayi ya tashi. Teburin mai shayi da gwangwanayen madara da Bournvita da Nescafé, yana ɗaga kofi sama yana tsiyayawa a wani don ya huce, shi ne shagon gahawarmu tun fil azal, kuma mai neman abin da zai buɗe masa ido yana da goro. Masu son abu mai ƙarfi a ɗan ƙaramin kofi suna da shayin Buzaye, wanda daɗinsa a zaman jiran ne. Alhazai sun san gahawar Larabawa mai ruwa-ruwa da kayan ƙamshi, ana kurɓa da dabino. Esfireso ba ya kama da ko ɗaya: kurɓa uku ne, mai kauri, mai ɗaci da ɗan tsami, an gama. Yawancin masu cewa suna son sa kafucino suke nufi, wato esfireso da madarar da aka busa wa tururi. In haka ne, ƙarfin bututun tururin injin ya fi duk wani allo muhimmanci, kuma sai an tanadi madarar kwali mai cikakken maiƙo, wadda ita ma ba arha ba.

Abin lura, Italiyawan da suka ƙirƙiro abin ba su cika ajiye injin a gida ba. A tsaye suke sha a shago kan yuro ɗaya da 'yan canji, a gida kuma 'yar butar moka ta Bialetti, wadda ta fito a 1933, suke ɗora wa a murhu. Matsinta bai wuce bar ɗaya zuwa biyu ba, don haka ba esfireso ba ne a ƙa'ida, amma da madara mutum goma ba za a samu biyu da za su gane ba, kuma a kan gas take aiki ko risho. Mai son sauƙi zalla yana da Nespresso, da kamfanin Nestlé ya fito da shi a 1986, sai dai kowane ƙwanson garin gahawa da ake sa masa da kuɗin waje ake shigo da shi, wata rana kuma a nema a kanti a rasa. Wanda kuma da gaske bar 9 ɗin yake so, akwai injinan hannu irin Flair da Cafelat Robot: a tafasa ruwa a buta, a zuba, a danna da ƙarfin damtse ana kallon agogon matsi. Babu waya, babu allo, babu abin ƙonewa, robobi biyu ko uku ne kawai ke tsufa. In aka haɗa da injin niƙa na hannu mai kyau, kuɗin duka bai kai rabin na Series 1 ba, kuma abin da ke sauka a finjali ba ya jin kunyar na kowa. Aibinsu shi ne baƙi: in mutum biyar suka zo, mai gida zai yi gumi, kuma babu tururin madara.

Wanda duk da haka ransa ya biya da sabon, ni ba zan hana shi ba, injin da aka yi da tunani ne. Ya dai nemi samfurin wuta 230 mai filogin Ingila, ya jira rukunin farko su gama kuka, ya sayo robobin sauyi tare da shi a kwali ɗaya. Ya kuma shirya wa makon farko, domin ba zai yi kama da bidiyon ba. Ledar farko ta giram 250 kusan rabinta a kwata za ta ƙare ana neman awon niƙa, wannan ya zubo da gudu, wancan ya ƙi fitowa, uwargida na tambayar ko abin da aka kashe wa miliyan biyu ke nan. In aka dace ya fito daidai kuma aka ji ya yi ɗaci, a zuba sukari. Mutanen Napoli, da suke ganin ba wanda ya kai su iya wannan abu, da sukari yawancinsu ke sha.